Abin da Na Ji a Bayan Tabarma

Litinin, 3 ga Yuni, ƙarfe huɗu na yamma

Fada Terkimbi, firist ɗin cocinmu, ya kawo takardar yau. Bishop zai zo ranar Lahadi, bakwai ga Yuli, ya shafa wa yarana mai a goshi. Saura sati biyar ke nan. Su talatin da huɗu ne bana, duk 'yan ƙaramar sakandaren coci, kuma tuni na san waɗanda zan tura gaban layi da waɗanda zan ɓoye a tsakiya.

Shekara goma sha tara ina koyar da addini a Tse-Abende. Sau shida Bishop ya zo Ƙarfafawa, wato wannan shafa man, sau shida ya tsaya gaban yarana ya nuna wanda ya ga dama da yatsa ya jefa masa tambaya, kuma ba a taɓa samun wanda ya tsaya yana kallon ƙafarsa ba. In wannan fahariya ce, to zan furta wa Fada ranar Asabar, ya ɗora min addu'a uku, in tashi in ci gaba da abina.

Yau mun yi bita a kan Jikin Kristi. Na ce, "Abin da muke karɓa a bagade, mene ne?" Suka ɗauka gaba ɗaya har kwanon rufi ya amsa: "Jikin Kristi ne da kansa!" Na ce, "Ba alama ba?" Suka ce, "Ba alama ba, Madam!" Sewuese, wadda bakinta ya riga ƙafarta girma, ta ce, "Madam, gaskiya ne Bishop yana marin mutum ranar?" Na ce taɓa kunci ne kawai, amma nata zan roƙa a ƙara ƙarfi.

Sai na sa su maimaita min labarin da na ba su lokacin azumi, na Waliyyi Tarsisiyus, yaron da ya ɓoye Jikin Kristi a cikin rigarsa ya kai wa waɗanda ke kurkuku, aka kashe shi a hanya bai buɗe hannunsa ba. Duk shekara nakan ba da labarin nan, duk shekara kuwa sai an yi hawaye, kuma na iya ba da shi, ba yabon kai ba. Iveren, 'yar shiru-shirun nan ta ƙetaren rafi, ta ɗaga hannu, abin da ba ta saba ba.

"Madam, shi yaron, wa ya aike shi?"

"Manya mana."

"To in da manyan sun manta fa?"

Na ce manya ba sa mantawa da irin wannan, na kaɗa ƙararrawa.

Alhamis, 6 ga Yuni, ƙarfe sha ɗaya na safe

Matan da ke sharar coci sun tsinci wani abu a bakin ƙofa bayan Misa, sujadar makaranta. Wani ya karɓi gurasar Jikin Kristi daga hannun Fada, bai haɗiye ba, ya nannaɗe a takardar littafin rubutu, ya faɗi masa a hanyar fita. Ba zan rubuta fiye da haka ba, hannuna ba zai iya ba.

Fada ya durƙusa a nan ƙasa ya ɗauka. Takardar kuwa Baba Katikis, mai taimaka wa Fada a coci, ya ƙone ta nan take ya binne tokar a gindin bagade, kamar yadda doka ta ce a yi da abin da ya taɓa Shi. Amma kafin ya ƙone, matan sun ga alamar jan biro a kusurwarta. Ni kaɗai nake duba aiki da jan biro a makarantar nan, kowa ya sani, ni da kaina na yi ta yayata shi.

Alhamis ɗin dai, ƙarfe shida na yamma

Ba yarana ba ne. Ba zai yiwu ba.

Lahadi, 9 ga Yuni, ƙarfe uku na rana

Majalisar coci ta zauna bayan Misa a ƙarƙashin mangwaro, aka kira ni. Ciyaman Orduen ne a kujera, tsohon hedimasta, wanda ya taɓa zane ni a aji huɗu saboda na rubuta Triniti ba daidai ba. Bai manta ba, ni ma ban manta ba.

"'Yata," ya ce, "kowa a nan ya san inda ake kai irin wannan abu. Ba yaro ke so ba, akwai babban da ya aike shi. Mayu ba sa shiga coci da ƙafarsu, yara suke turowa."

Mata suka yi ta alamar gicciye. Na ce, "Baba Ciyaman, yarana sun san abin da suke karɓa fiye da rabin waɗanda ke zaune a nan." Bai kamata in faɗi haka ba, amma gaskiya ce.

Ya ce, "Shi ya sa abin ya fi muni."

Suka yanke: in ba a fito da sunan wanda ya yi ba, ba yaro ko ɗaya da za a kai gaban Bishop. Fada ya yi ƙoƙari, amma shekara ɗaya kacal ya yi da mu, gemunsa ma bai gama haɗuwa ba, suka rufe shi da murya. Bishop kuwa sai bayan shekara uku yake zagayowa. Kafin nan rabin yaran nan sun watse, wasu Gboko, wasu Makurɗi, wasu gidan miji, kuma na san yadda abin yake, wanda ya wuce ba ya dawowa.

Maigidana, Baban Terfa, ya dube ni da na shigo gida ya ce, "Wa kika cinye a can?" Na ce sakwararsa na cikin kwano, ya ci ya bar ni.

Talata, 11 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma

Na ci gaba da shiri kamar ba abin da ya faru. Wanda ya fasa noma don hadari bai haɗu ba, shi zai ga ruwa ya sauka a kan ciyawa.

Yau ranar tabarma ce. Kafin Ƙarfafawa dole kowa ya furta zunubinsa, kuma yara sukan manta yadda ake farawa, sai su durƙusa gaban Fada su yi ta numfashi kamar akuya. Don haka duk lokacin shiri nakan rataya tabarma a ƙofar ɗakin ajiya, in zauna a bayanta a matsayin Fada, su zo ɗaya bayan ɗaya su gwada. Doka ita ce zunubin ƙarya za a kawo, ba na gaske ba. Kafin mu fara na sake jaddada musu: abin da aka faɗa wa firist a kujerar nan, ko wuƙa aka sa masa a wuya ba zai fito da shi ba. Sewuese ta ce, "Ke fa, Madam?" Na bugi ƙirji na ce, "Ni ma a bayan tabarmar nan haka nake. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Da bakina na faɗa, gaban yara talatin da huɗu.

Na sha dariya da farko. Wani ya saci babur ɗin Fada ya sayar a Kamaru. Wata ta auri maza bakwai. Sewuese ta zagi Madam sau ɗari biyu a zuci, na ce mata wannan ai ba na ƙarya ba ne, ta koma ta sake shiri.

Sai wata murya ta zo, ƙasa-ƙasa. Ta fara daidai, kalma bayan kalma, yadda na koyar. Sannan ta faɗi abin da ba na ƙarya ba.

Na ce, "Tsaya, ni ba Fada ba ce." Ta ce, "Na sani, Madam. Amma kin ce."

Na ce ɗin kuwa.

Laraba, 12 ga Yuni, ƙarfe bakwai na safe

Ban ci komai ba tun jiya. Sau uku kafin wannan, ta ce. Na huɗun ne ya faɗi mata a ƙofar coci.

Alhamis, 13 ga Yuni, ƙarfe biyu na rana

Na tarar da Fada yana gyaran babur a bayan gidansa, hannu duk baƙin mai.

"Fada, a ce mutum ya ji wata magana a bayan tabarma."

Ya ajiye abin da ke hannunsa. "Madam, ke ba firist ba ce. Wannan hatimin riƙe sirri bai hau kanki ba."

"Na san wannan tun kana cin ƙasa, Fada. Ba doka nake tambayarka ba. Na yi wa yara alkawari."

Ya goge hannu a tsumma. Ya ce, "To kada ki faɗa min. Ki turo min mai maganar ranar Asabar, ta zo kujerar gaske." Na ce ban ce mace ba ce. Ya ce shi ma bai ji komai ba. Yaron nan yana da hankali, zai yi nisa in majalisa ba ta tsufar da shi ba.

Asabar, 15 ga Yuni, ƙarfe shida na yamma

Na kai su duka talatin da huɗun furta zunubi, don kada a ga wanda ya shiga shi kaɗai. Da Fada ya fito idonsa ya yi ja, ya ce hayaƙin turare ne. Ba a kunna turare ranar Asabar. Yanzu mu biyu muka sani, shi ba zai iya faɗa ba, ni ba zan faɗa ba.

Litinin, 17 ga Yuni, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Na ƙetare rafi yau. Haka kawai, malama ai tana da ikon ziyartar gidajen ɗalibanta. Ruwan ya kai min gwiwa.

Na shiga gidan su Iveren. Su biyu ne kawai a gidan, ita da kakarta, Ngo Kwaghdoo. Ngon nan shekara talatin tana wanke mayafan bagade tana goge su da dutsen guga na gawayi, ba ta taɓa ƙona ko ɗaya ba. Shekara biyu da suka wuce ɗanta, uban Iveren, ya faɗi a gona ya mutu, bayan wata guda ita ma ɓarin jikinta ya shanye. Aka fara raɗe-raɗin wai ita ta ci ɗan, abin ya dawo mata. Ni ban taɓa faɗa ba. Ban kuma taɓa cewa a daina ba, kuma ban taɓa zuwa ba.

Tana kwance a kan gadon gora, carbinta na rozari a hannun da ke motsi.

"Wace ce? Sisiliya? 'Yar Agber? Kin yi ƙiba."

"Ngo, ina gajiya? Yaya jikin?"

"Jiki na nan inda kuka bar shi. Duk Juma'ar farkon wata ina jin ƙarar babur ɗin Fada a hayin can, yana kai wa marasa lafiya. Sai in sa yarinyar nan ta share ƙofa. Sai ƙarar ta wuce."

Ba sunanta a jerin da ake ba Fada. Ba wanda ya sa. Na rasa inda zan ajiye idona, na ce za a gyara. Sai ta yi murmushi da rabin bakin da ke aiki.

"Kada ki damu, 'yata. Ku ba ku zo ba, amma Shi ya zo. Sau uku."

Ban tambaye ta ta wace hanya ya zo ba. Iveren tana bakin murhu tana hura wuta, ba ta ɗago ba. Na ba ta lemon da na kawo na fito.

A hanya na yi kuka, na kunya ne. A cikinsa akwai wani abu kuma wanda ba kunya ba, kuma ba na jin ya halatta in ji shi. Shekara goma sha tara ina cewa Shi ne da kansa, ba alama ba. Yau na san akwai wanda ya yarda da ni har ƙarshe.

Talata, 18 ga Yuni, ƙarfe ɗaya na rana

Na ce wa Fada akwai tsohuwa a ƙetare da ba ta cikin jeri. Ya ce, "Juma'a." Bai tambaye ni komai ba, ban tambaye shi komai ba.

Laraba, 19 ga Yuni, ƙarfe huɗu na yamma

Ciyaman ya yi dabara, tsohon hedimasta ai ba a raba shi da ita. Jiya ya aiko cewa yau kowane yaro ya kawo littafin rubutunsa na addini, za a duba wanda aka yage wa shafi. Na kwana da sanin an gama da mu.

Ya zo da mutum biyu daga majalisa, ya zauna a kujerata, ya sa tabarau. Littafi na farko, an yage shafi a tsakiya. Ya ɗago ya kalli mai littafin kamar kura ta ga nama. Na biyu, an yage. Na uku, an yage. Duka talatin da huɗu, wuri ɗaya, darasi ɗaya.

"Wa ya sa ku?"

Yara suka zuba wa allo ido.

"Ke, mai ido a tsaye. Ina shafinki?"

Sewuese ta miƙe, hannu a baya, ladabi kamar gaske. "Baba, ƙosai na naɗe da shi."

Ya juyo kaina. Na rantse masa, kuma gaskiya na faɗa, ban san komai a kan wannan ba. Da suka fita na rufe ƙofa na ɗauko bulala na ce wannan ha'inci ne, kuma doka ta takwas cikin Dokoki Goma ta hana shaidar zur. Sewuese ta ce, "Madam, ba mu yi shaida ba. Takarda muka yage. Kuma da gaske na sayi ƙosan, don kada ya zama ƙarya."

Na juya na fuskanci allo na daɗe ina gogewa, alhali ba komai a rubuce. Ban san nawa ne a cikinsu suka sani ba, nawa ne suka bi kawai. Ban tambaya ba. Yarana ne.

Juma'a, 21 ga Yuni, ƙarfe sha biyu na rana

Fada ya ƙetare rafi, ni na riƙe masa kyandir. An share ƙofar tun da asuba.

Lahadi, 23 ga Yuni, ƙarfe huɗu na yamma

An sake zama. Wannan karon Ciyaman bai yi kewaye-kewaye ba.

"Sisiliya, tsakaninki da Allah, kin san wanda ya yi?"

Da na ce ban sani ba, da an tashi lafiya. Amma na gama yi wa yara faɗa a kan doka ta takwas ranar Laraba.

"Na sani, Baba."

Wurin ya ruɗe. Wata ta ce, "Ashe!" Wani ya ce dama ruwa ba ya tsami banza.

"To faɗi."

"Ba zan faɗa ba. Abin da zan gaya muku shi ne ba maita a ciki, ba wanda ya aiki kowa, kuma ba zai sake faruwa ba."

"Mu yarda da ke don me?"

"Don ni na koya wa 'ya'yanku alamar gicciye, har da wasunku."

"Za ki hana yara talatin da uku saboda ɗaya?"

Wannan ta shige ni, don ita nake tambayar kaina tun ranar tabarma. Amma na san garinmu. In na faɗi sunan, ba za su ji sauran bayanin ba. Za su haɗa shi da wani tsohon raɗe-raɗi, su ce ai ga shi, jini ba ya ƙarya, kuma wannan sunan zai bi mai shi har kabari, ba makaranta, ba aure, ba mai sayen ko barkono a hannunta. Na ce, "Baba, na gama magana."

Talata, 25 ga Yuni, ƙarfe shida na yamma

A kasuwa mai doyar da nake saye wurinta tun Terfa na goye ta ce doyarta ta ƙare, tana zaune a kan tuli. Uwar wani ɗalibina ta tare ni a rijiya ta ce in ɗanta ya rasa Ƙarfafawa saboda taurin kaina, Allah ya isa. Ban ga laifinta ba.

Baban Terfa ya ce, "Maman Terfa, ni shekara ashirin da shida ina neman ki yi shiru ban samu ba, yau kin yi gari ya rikice." Sannan ya tafi ya sayo doyar da kansa, mai tsutsa, an cuce shi, amma na dafa.

Alhamis, 27 ga Yuni, ƙarfe uku na rana

Wata ta tsaya bayan an tashi aji. Ta ce ranar Lahadi za ta miƙe a coci ta faɗa, don kada sauran su rasa, don kada a ci gaba da zagina. Ƙafafunta sirara kamar karan dawa.

Na ce, "In kika buɗe baki ban yafe ba. Kin riga kin faɗa wa wanda ya kamata, an yafe miki, ya wuce. Abin da ya rage aikin manya ne."

Ta dube ni. Na ji tambayar nan tata ta ranar bita kamar ta sake faɗa.

Asabar, 29 ga Yuni, ƙarfe tara na safe

Fada ya ce yana da ikon kai yaran gaban Bishop ko majalisa ta so ko ta ƙi. Na ce na sani, amma in ya yi haka farautar suna ba za ta tsaya ba, gari na neman inda zai sauke fushinsa. Na gaya masa abin da na yanke. Ya ce, "Madam, a'a." Na ce, "Fada, ba shawara na zo nema ba."

Lahadi, 30 ga Yuni, ƙarfe huɗu na yamma

Na sa zanena mai baƙi da fari, na ɗaura kallabi ya tsaya. In za a kayar da mutum, gara ya faɗi da kwalliyarsa.

Na ce musu, "Kuna neman mai laifi, ga ni. Na koyar da darasi rabi, na bar rabi. Na koya wa yara wane ne ke kan bagade, ban koya musu wa ke da izinin ɗaukarsa ba, da abin da za su yi in mu manya mun gaza. Yaro ya yi aiki da rabin da aka ba shi. Ku karɓi ajin daga hannuna, har abada in kun so. Ku bar yaran su je gaban Bishop, kuma a daina neman suna."

Ciyaman ya daɗe yana kallona ta saman tabarau. Ya ce, "Kin san abin da kike bayarwa?" Na ce na fi kowa sani. Aka ɗaga hannu, goma sha ɗaya suka yarda, huɗu suka ƙi. Sun ba ni gobe in yi sallama.

Shekara goma sha tara.

Litinin, 1 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Darasin ƙarshe. Na koyar da ɗaya rabin. Abin da ka karɓa ka haɗiye a nan gaban bagade. Firist ko wanda aka naɗa ne kaɗai ke kai wa marar lafiya. Na sa suka maimaita sau uku.

Sannan na ce, "Akwai ranar da aka tambaye ni a ajin nan, in manya sun manta fa? Na ce manya ba sa mantawa. Ku ɗauko biro ku gyara. Muna mantawa, wani lokaci ma da gangan. In kun ga haka ku zo ku buga mana ƙofa, ku yi ta bugawa har kunya ta kama mu."

Sewuese ta yi kuka da majina, ta ce mura ce. Na ba ta jan birona na ce ta je ta duba aikin bakinta da shi.

Lahadi, 7 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma

Ban ja layi ba bana. Na zauna can baya kusa da ƙofa, wurin masu jarirai, na ga yarana sun shigo cikin fararen kaya bibbiyu, yadda na koya musu, ba mai gudu ba mai jan ƙafa.

Bishop ya sauko ya fara nuni da yatsa. Allah nawa ne? Sakramenti nawa ne? Me Ruhu Mai Tsarki ke bayarwa? Kafin ya rufe baki an ba shi. Ya yi tambaya tara, ya samu amsa tara. Ya ce, "Kai! Wa ya koya muku?" Kawai kawuna talatin da huɗu suka juyo baya, coci duka ta bi su da ido. Na gyara zama na kalli gabana. Zan furta wannan ma ranar Asabar, amma ba na jin zan yi nadama yadda ya kamata.

Lokacin shafa mai, kowane yaro yakan zo da babba ya ɗora masa hannu a kafaɗa, da kati mai sunan waliyyin da ya zaɓa wa kansa. Iveren ba ta samu mai tsaya mata ba, an hana ni aji amma ba a hana ni wannan ba, don haka na taso daga baya na bi layi. Ciyaman ne ke karɓar katin yana karanta wa Bishop. Ban ga abin da ta rubuta ba sai da ya ɗaga.

Ya buɗe baki ya tsaya. Hedimastan mishan ne, ya san labarin kowane waliyyi, kuma ya san gidan da babur ɗin Fada ya fara zuwa. Ya kalli katin, ya kalli yarinyar, ya kalle ni. Kafaɗarta na ƙarƙashin tafina, kanta a ɗage yake.

"Tarsisiya," ya ce, sunan waliyyin nan da ya ɓoye Jikin Kristi a rigarsa.

Bishop ya shafa mata mai, ya taɓa kuncinta. Talatin da huɗu cikin talatin da huɗu.

Juma'a, 12 ga Yuli, ƙarfe biyu na rana

Da muka isa bakin rafi ni da Fada, Ciyaman na tsaye, ya naɗe wando har gwiwa, takalmi a hannu.

"Sisiliya, ba tambayarki zan yi ba."

"Ko ka yi, Baba."

"Jerin marasa lafiyan ƙetare a hannuna yake. Shekara biyu." Ya miƙo hannu. "Ba ni kyandir ɗin."

Na ba shi. Bai ce komai a kan aji ba, ni ma ban roƙa ba, an riga an ba wani saurayi daga Gboko wanda ke duba aiki da baƙin biro.

Ngo Kwaghdoo ta karɓa, ta yi addu'arta a nutse. Sannan ta juyo da idon nan nata mai kyau ta ƙare mana kallo.

"Orduen, kai ne? Ka tsufa. To ku gaya min, tunda yau kun cika, me ya hana ku zuwa?"

Sau bakwai ke nan yarana na tsayawa gaban Bishop, ba wanda ya taɓa kallon ƙafarsa. Yau ni da Ciyaman muka tsaya a ƙofar ɗakin nan kamar 'yan aji ɗaya, kowa na kallon tasa, da laka a kai.

Iveren ce ta jawo benci ta goge shi da gefen zanenta.

"Ngo, ai ga su sun zo," ta ce. "Bari su zauna."

Muka zauna.